Inci Shida da Dillalin Fata Ya Ɓoye

Gyara zama, mutumina, in ba ka wani misali, ko da yake ni ban ga abin dariya a cikinsa ba. Zalunci ne tsantsa aka yi wa mutumin kirki.

A Ingila akwai wani Bature mai zana tufafin maza. Shekara bakwai ya yi a ƙarƙashin wani tsohon tela yana ɗinka maɓalli kafin a yarda ya taɓa almakashi. Daga nan ya buɗe ɗan shagonsa, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Yau kuwa sunansa na manne a wuyan kwat daga Landan har ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Abin da ya ɗaga shi ba wani asiri ba ne. Tun yana koyo ya lura duk namijin da aka zagaya wa tef ɗin awo a ƙugu sai ya haɗiye cikinsa, a yanka yadi a kan ƙarya, kaya su fito suna shaƙe mai su. Shi sai ya koyi ba da labarin ban dariya. Yana riƙe da tef yana zuba, da zarar mutum ya ƙyalƙyale, teɓa ta dawo mazauninta, sai ya danne tef da babban yatsa ya rubuta. Ka ji cin amana! Amma fa wanda ya sa kwat ɗinsa sau ɗaya ba ya komawa wurin wani.

To akwai wani dillalin fata, mutumin Sakkwato, da ya shekara goma yana aika masa jar fatar akuya ta yin jaka. Kyakkyawa ne, dogo, gemu a gyare, irinmu dai, kuma Allah ya yi masa arziki ta gaba. Babbar riga ta daɗe tana rufa masa asiri, har shi kansa ya yarda da abin da yake gaya wa mutane, wai ƙugunsa na nan yadda yake ranar aurensa. Da Baturen zai yi bikin nuna sababbin kaya, sai ya gayyace shi, ya ce zai ɗinka masa kwat da wando, a kira shi gaban jama'a a gode masa. Dillali kuwa ya riga ya ji labarin dabarar. Ya ce shi da ya shekara talatin yana ciniki da mahauta, ba tela ne zai yi masa wayo ba. Ranar awo ya ja numfashi ya ɗaure, ya kafa wa bango ido, yana tuno duk wani baƙin cikin da ya taɓa samunsa. Bature ya kawo labari na farko, shiru. Ya kawo na biyu, wanda ya taɓa kwantar da wani alƙali ƙasa don dariya, dillali ya cije leɓe har da hawaye. Tef ya nuna inci arba'in, alhali gaskiyar magana arba'in da shida ce. Bature ya dubi tef, ya dubi mutum, ya ce, "Abokina, ka tabbata wannan ne awonka?" Dillali ya gyaɗa kai, don in ya buɗe baki komai zai zubo. Sau biyu yana dawowa gwaji, sau biyu yana maimaitawa. Ya fito yana taƙamar ya kayar da Bature har gida. Daɗi ya ɗebe shi, ya aika wa surukinsa katin gayyata, wani dattijo da matar dillalin ta kawo Landan ganin likitan ido, don ya gani ya koma gida ya ba da labari.

Ranar biki da hantsi ya shiga kayan da kyar da jiɓin goshi. Ya yi kyau kam, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Sai dai bai karya kumallo ba, a mota ma a kishingiɗe ya tafi. A zauren biki aka zagayo da farantin nama, ya ce ya ƙoshi. Yana tsaye kamar turke, yana kurɓar iska kaɗan-kaɗan kamar mai shan kunu da zafi. Saura ƙiris a kira shi sai ga suruki ya shigo, 'yarsa na riƙe da hannunsa, ido ya warke tas. Ya hango shi daga nesa, ya nufo shi, ya tsaya a gabansa. Nan fa ake yin ta. Shekara ashirin da biyar bai taɓa gaishe da tsohon nan a tsaye ba, kuma ba yau zai fara ba, matarsa na kallo. Ya dubi wando, ya dubi tsoho, ya yi bisimilla ya durƙusa. "Baba, barka da..." Wando ne ya ƙarasa masa gaisuwar, ɓaaar, tun daga ƙugu har cinya, maɓallin kwat kuma ya yi tsalle ya faɗa kofin wata Baturiya. Tsoho ya ce, "Barka kadai, ɗana, kai da wandon naka." A daidai nan aka kira sunansa. Haka ya tashi ya nufi dandamali da ɗan gajeren taku, suruki na manne da bayansa, ya baza hannayen riga ya kare ɓarnar. Turawa suka ɗauka al'adar ƙasar su dillali ce ta girmama baƙo, suka miƙe suna ta tafi. Mai zanen kaya kaɗai ya gane, ya rungume shi kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ka gani, mako uku bawan Allah yana wahalar riƙon numfashi, gaisuwa ɗaya ta tona shi. Ni har gobe ina cewa laifin zaren ne. Amma Hausawa ba su goyi bayana ba, suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.