Ranar Da Aka Sallamo Fa'izu

Sau uku Zainab ta share ɗakin nan, ba don datti ba, sai don ƙafafunta sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yau za a sallamo mijinta Fa'izu daga asibiti. Tana shara tana waƙa, tana dariya ita kaɗai, har maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya.

Wata huɗu da bikinsu, kusan duka a kasala ya yi su. Mutumin da a da yake saɓa bandir biyu na yadi daga kasuwar Kurmi har Jakara bai ajiye ba, ya koma sai ya huta kafin ya kai bakin lungu. In ya dawo cin abincin rana ya ɗan kishingiɗa, sai ya tashi kai na sarawa, jiki kamar an zare masa laka. Abokansa na kasuwa kuwa ba su raga masa ba. Da ya shigo rumfa sai su shinshina rigarsa su kwashe da dariya: "Ango ka sha ƙamshi! Wanda ya auri 'yar Barno ai dole ya manta hanyar kasuwa."

Zainab dai abin ya daina ba ta dariya tun ranar da ya zube a zaure. Tsoro ya kama ta sosai. Duk abin da Gwaggonta ta koya mata na kula da miji babu wanda ta tsallake ko na rana ɗaya, amma ga shi yana ƙarewa a gabanta.

Da aka kai shi asibiti, likita ya bi komai ɗaya bayan ɗaya. Jini bai yi ƙasa ba. Babu ciwon suga, babu taifot, babu zazzaɓin cizon sauro, hanta da ƙoda lafiya lau. Aka ba shi gado don a sa masa ido. Kwana uku kacal, ko allura ba a yi masa ba, sai ga Fa'izu ya tashi da malmala biyu ta tuwo yana neman ƙari.

Yau da safe Fa'izu ya kira ta a waya, murya garau. Ya ce likita ya yi masa wata tambaya: wai akwai iskar da wuta ke fitarwa a rufaffen wuri, ba a ganinta, ba a jin warinta, tana tsotse ƙarfin mutum a hankali, in ta yi yawa daga barci sai lahira. Ko suna girki da gawayi a ɗaki, ko akwai janareta kusa da taga?

"Ni? Girki a ɗaki?" Zainab ta riƙe ciki don dariya. "Allah ya sawwaƙe. A tsakar gida nake girkina."

"Haka na gaya masa. Janareta kuwa ko na aro ba mu da shi."

Ita ma ɗan jirin da ke damunta ya ɗauke a kwanakin nan. Addu'a ce ta karɓu, babu wata tantama.

Bayan azahar adaidaita ta sauke shi a bakin lungu, ya tako da ƙafarsa har da ɗan sassarfa. Ya ci dambu, ya sha kunun aya, ya tsokane ta har ta rufe fuska da mayafi. Sannan ya ce bari ya ɗan miƙe a gadonsa da ya yi kewa.

Ta tsaya tana kallonsa har numfashinsa ya daidaita, daɗi kamar ya kashe ta. Ta rufe tagar ruf, ta saki labule, ta tanadi tsumman da take toshe ƙasan ƙofa da shi don kada ƙamshi ya tsere. Kullum kasko ɗaya na turaren wuta take ajiye masa in zai yi barcin rana, amma yau ranar murna ce, sai ta cika uku da garwashi jajir, ta jera su a gefen gadon, ta ja ƙofar a hankali don kada ya farka.