Murfin Tukunyata

Ranar da aka zo gaya mini ɗana ya rasu a hatsarin mota, ina cikin neman murfin tukunyata ne. Sai da masu gaisuwa suka watse na gan shi a ɗakinsa, rataye da zare.

Zane ne aikinsa. An ba shi littafin wasu mutane da suka bar duniya zuwa wata tauraruwa, aka ce ya mayar da labarin hotuna. Murfina yake kallo yana zana jirginsu.

Na taɓa tambayarsa, "To, matuƙin nan yana dawowa gida?"

Ya ce, "Mama, marubucin ya ce bai dawo ba, kuma an hana ni taɓa ko kalma ɗaya."

Na ce, "Shi marubucin ba shi da uwa ne?"

Ya yi dariya har ya ɓata layi.

Da littafin ya fito, abokin aikinsa ya kawo mini. Karatuna bai yi nisa ba, sai na wuce shafin ƙarshe, na haɗa baƙaƙen a hankali: "Bai dawo ba." Yaron bai taɓa musu kalmarsu ba.

Amma a hoton wata mata ce a kicin, ta juya baya, da irin ɗaurin ɗankwalina. Tukunya na kan wuta, a rufe da murfin nan mai lotsawa a gefe. Jirgin dai ya iso gida.

Kullum da shi nake girki. Idan na wanke, sai in mayar da shi kan zarensa.