Ban da Gemu

"A yanka, amma ban da gemu," in ji tsohon, bakinsa na buɗuwa da ƙyar.

Likitan ya sake yi masa bayani. Haƙorin ya tara mugunya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ciwon suga ya hana wurin warkewa, kumburin kuma ya doshi maƙogwaro. Ta ƙasan haɓa za a shiga, dole a aske.

Tun kafin ya yi aure tsohon ya tsayar da gemun. Duk unguwar Ƙiblatain da shi aka san shi.

"Halas, shi ke nan, ya duktur, a aske," in ji matarsa. "Gemu zai sake fitowa. Mai taurin kan nan kuwa shi kaɗai gare ni."

Tsohon ya gyaɗa kai.

Tiyata ta yi kyau. Da ya farfaɗo ya shafa kumatunsa, ya ji su sumul, kunya ta rufe shi.

Matar ta shigo da romon shurba. Ta ɗaga niƙabi ta dube shi tsaf, sai ta yi maza ta sake rufe fuska.

"Afwan, samari. Mijina nake nema, wani tsoho." Ta ja kujera ta zauna. "Amma ba sauri nake yi ba."