Kuɗin Man Mota

Balki tana juya kwaɗon zogale a bakin ƙofar gidan likita na Matameye aka shigo da amalanken shanu a guje. Mutum ne kwance a kai, ƙasa ta rufe masa fuska har gashin ido. Kallo ɗaya ta yi masa, ta mayar da idonta kan ƙwaryarta.

Lawali ne, mahaƙin rijiya daga Dungu. Damina biyu ke nan ruwan sama ya ƙi, na ƙasa kuma ya yi nisa, mahaƙa suna ta bin sa, har yau da hantsi gefen rijiya ya rufto masa.

Manjo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya danna cikin Lawali sau biyu ya miƙe.

"Jini na zuba a ciki. Sai Damagaram, kuma yanzun nan."

Motar marasa lafiya tana nan ƙarƙashin bishiyar bedi, an wanke ta tas, sai dai ko ɗigon mai babu a cikinta. Man da ake ba ta na wata ya ƙare tun sati na biyu. Kowa ya san yadda ake yi: masu mara lafiya su ke sayen mai, zuwa da dawowa. Jika takwas, wato sefa dubu takwas.

"Wa ke da shi a nan?" in ji manjo.

Isufu, shugaban mahaƙan, ya sunkuyar da kai. "Uban yana Kano cin rani, ga iyaka a rufe. Kakarsa da ke riƙonsa ko tashi ba ta iya yi."

Sai ya cire hularsa ya shiga bin mutane. Ya roƙi mai shayi, ya roƙi masu jinya, har mai gadi bai bari ba. Da ya zo kusa da Balki sai ya kauce ya wuce. Abin da ya taru a hular ko garin Kance da ke nan kusa ba zai kai motar ba.

Balki kuwa akwai jika tara ƙulle a bakin zanenta. Jiya ta sayar da akuyarta ta ƙarshe don ta sayi dawa, ga yara huɗu a gida da suka koyi kwana da ruwan zogale, ga maigida shiru tun da ya tafi Najeriya. Amma a gaskiya ba dawar ce ta riƙe mata hannu ba. Tun kafin manjo ya rufe baki ta riga ta ba da kuɗin a zuciyarta.

Idon mutane ne ya tsare ta. Farfajiyar cike take da matan unguwarsu da 'yan Dungu, duk sun san ta. Taku goma ne tsakaninta da manjo, ta kasa yin ko ɗaya. Ta tashi a gaban wannan taro ta kwance ƙullin bakin zane saboda shi? Har ta ji yadda za a riƙa ba da labarin a gidajen biki.

Ta rufe ƙwaryar da faifai ta fita, tafiya irin ta wadda ba abin da ya dame ta. Sai da ta sha kwana ta sa gudu.

Dabararta mai sauƙi ce. Za ta ba maƙwabciyarta Hawa kuɗin, Hawa ta kai kamar nata ne. Haka mutanen kirki ke yi, kuma ba mai cewa uffan.

Hawa ba ta gida. Tana layin rabon dawar agaji, inda sojoji ke tsaye, wanda ya fita kuma ya rasa wurinsa. Balki ta bi layin tun daga wutsiya tana leƙa fuskoki, rana tana hawa. Da ƙyar ta gano ta can kusa da gaba.

"Ki kai wa manjo, ki ce naki ne."

Hawa ta dubi ƙullin, ta dubi Balki. "Na wa?"

"Na wancan da aka kawo daga Dungu."

Hawa ta dafe ƙirji. "Kina wurin, kika taho nan? Balki!"

Ba ta jira amsa ba, ta bar layin da ta kama tun da safe, ta ruga.

Ana kiran azahar motar ta tashi. Balki ta koma bakin ƙofa ta buɗe ƙwaryarta. Ta sayar wa mutum uku kwaɗo, ba ta san ko sun biya ba.

Bayan la'asar motar ta dawo a hankali. Ba sai an gaya wa kowa ba, motar da ta kai mutum da rai ba ta dawowa da wuri haka. Direban ya sauko yana goge wuya, ya ce wa manjo sun wuce garin Takeita kaɗan numfashin ya tsaya.

"Da mun tashi tun da hantsi, wataƙila da an kai. Allah dai ya sani."

Balki ta ji. Ta san inda lokacin ya tafi, don da ƙafarta ta taka shi, daga gidan Hawa zuwa layin dawa. Laifin ya zauna mata a ƙirji, ta tabbata ba zai tashi ba har ta mutu.

Washegari mata suka cika tsakar gidanta. Ba wadda ta zarge ta. Yabonta ma suke yi, wai ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba, wai irinta sun yi ƙaranci a wannan zamani. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗarta ta ce ta cika mace mai kunya.

Balki ta amsa gaisuwa kai a ƙasa. Lawali ɗanta ne na fari, kuma tun ranar da ta haife shi har aka sa shi a ƙasa ba ta taɓa kiran sunansa ba.