Kulocin Akori-kurar Yari

Giyabos na ajiye a kan tsohuwar taya, Yari kuma na rigingine a ƙarƙashin akori-kurarsa, sa'ad da aka banko ƙaramar ƙofar get ɗin gidan da ƙafa.

Kafin ya ga kowa, sifanar da yake riƙe da ita ta riga ta koma ɗaya hannun. Tun yana yaro haka yake yi in ya ji motsin baƙo, har ya daina sanin yana yi.

Safiyar zaɓe ce. Sojoji za su koma bariki, gari na ta murna, amma Yari bai damu da wanda zai ci ba. Shi dai an hana mota fita, ya samu ranar da zai canja kuloci. Dakon buhunan gero ya cinye faifan kulocin har ya zama kamar ƙasan tsohon silifa, ka taka mai mota ta yi ta ihu tana tsaye wuri ɗaya. Da can shi da ɗansa Nasiru suke irin wannan aiki, ɗaya na tallafe giyabos ɗaya na kwance noti. Tun da suka yi faɗa Nasiru ya tattara ya ce ya tafi Ikko, Yari shi kaɗai yake fama.

Kauraye ne suka shigo, samarin nan da 'yan siyasa ke saya wa adduna. Akwai wani ƙarfe da Yari ya gitta a saman ƙofar, duk wanda ya shigo sai da ya gwara goshi ya yi ashar. Na ƙarshensu, wani dogo da ya naɗe fuska da rawani, ya sunkuya ya wuce.

Suka jawo Yari ta ƙafa, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen mota. Babbansu Sammani, wanda duk unguwar Ƙofar Kwaya ta san shi kuma ba mai son sanin, ya tsuguna a kansa.

"Dattijo, tashi ka haɗa motar nan. Ƙauye za ka kai mu, akwatunan zaɓe za mu kwaso."

"Ba ka ga cikinta a ƙasa ba?"

Gora ta sauka a haƙarƙarinsa. Ta sake sauka a baki, ya tofar da haƙori.

Matarsa Safara'u ta fito da gudu tana salati, wani ya yi kanta da adda. Mai rawanin ya riga shi. Ya ingiza ta cikin ɗaki da ƙarfi har ta faɗi, ya ja ƙofa ya danna sakata ta waje.

Yari ya san yadda irin wannan tafiya ke ƙarewa. In mutanen ƙauye suka taso, kauraye za su dire su bi gona, direba ake kamawa a ƙona shi da motarsa. In kuma ba su taso ba, shi ne ya kai adduna ƙofar bayin Allah. Tsoro yake ji sosai, amma taurin kansa ya girmi tsoron.

"Ko na haɗa ta, ba ni kai ku."

Sammani ya yi dariya. Ya ɗauki gudumar da ke cikin kayan aiki ya miƙa wa mai rawanin.

"Hwasa mashi yatsun hagu. Ka bar mashi dama ya ƙarasa muna aiki."

Nan ne Yari ya fara roƙo. Mutumin da aka fasa wa baki bai yi kuka ba, yanzu ga shi yana kiran Allah da Annabi, yana cusa hannun hagun a ƙarƙashin cikinsa. Biyu suka danne shi, suka zaro hagun suka shimfiɗa a kan giyabos.

Mai rawanin ya tsaya a kansa. Ya sa ƙafa ya ture hannun gefe kamar ya tsare masa hanya, ya cafko na dama, ya ɗaga guduma. Ƙarar ƙashin har maƙwabta sai da suka ji.

"Jaki!" Sammani ya zabga masa gefen adda a kunne, jini ya jiƙa rawanin. "Hagu na ce! Da mi zai ɗaure noti yanzu?"

Mai rawanin ya sunkuyar da kai. Suka yi ta dukansa har suka gaji, suka farfasa gilashin motar don haushi, sannan suka fice neman wata, sun tasa shi a gaba.

Da jan ciki Yari ya kai ƙofar ɗakin ya zare sakata.

Safara'u ta yage zaninta tana ɗaure masa hannun, tana kuka. Shi kuwa hagunsa yake kallo. Ya buɗe yatsun ya rufe, duk biyar lafiya. Bahago ne. Bulalar mahaifinsa ce ta koya masa ci da dama, gaisawa da dama, miƙa kaya da dama, har mutanen unguwa ba wanda ya sani. Amma noti bai taɓa ɗauruwa masa ba sai da hagu, kuma ba mai ganin haka sai wanda ya taɓa kwanciya tare da shi a ƙarƙashin mota.

"Malam, wancan mai rawanin," in ji Safara'u, ta ɗaga hannuwa sama, "Allah ya isa tsakaninmu da shi. Allah ya tsi..."

Yari ya toshe mata baki da hannun da ya rage masa.

"Kada ki yi mashi baki, Safara'u. Naki kama shi zai yi, ke kika haife shi."