Almakashi Bai Yarda Ba

Baiti na sha bakwai Almakashi ya ce a cire. Si Mufaddal ya karanta saƙon a gidan shayin da yake zama kowace hantsi, ya ture kofinsa gefe, ya faɗa wa kujerar da ke gabansa cewa wannan mutum ba ya tsoron Allah.

Tun da ya yi ritaya daga ofishin ruwa na birnin Tatwan waƙa ta kama shi, kamu kuwa ba na wasa ba. Da farko iyalinsa yake karanta wa a kan abinci, har kuskus ya huce, kitse ya daskare a kan nama. Surukinsa ya fara samun uzuri duk Juma'a. Ana haka autarsa Nuhaila ta karɓi wayarsa ta saka shi a Zauren Zaitun, wani dandalin hira na waya inda masu sha'awar waƙa ke haɗuwa, kowa da laƙabinsa, ba a ganin lamba ba a ganin fuska. Ta ce masa babban mawaƙi ba ya zubar da baiti a kunnen wanda bai san darajarsa ba. Ya ga gaskiyarta. Daga ranar gidan ya koma cin abinci da zafinsa.

Zauren kuwa ya yi masa daɗi. Da ya saka waƙa Tsuntsuwar Rif za ta turo furanni, Ɗan Teku ya rubuta, "Ka kashe mu, Ustaz." Akwai wani Makiyayi da kan yabi ƙasida mai baiti sittin tun kafin Si Mufaddal ya ɗauke yatsa daga waya, shi kuma ya ɗauka haka masana ke saurin karatu. Su ba su cika saka tasu ba. In ya matsa, sai su ce nauyinsa suke ji.

Mai laƙabin Almakashi ne kaɗai ƙaya. Shi yana karantawa, nan matsalar take. Ba ya tura fure, ba ya cewa Ustaz. Zai nuna inda amsa-amo ya kauce, da inda aka cusa kalma don kawai a cike gurbi. Ranar da Si Mufaddal ya saka waƙar soyayya da ya yi wa matarsa, Lalla Rahimu, zaure ya cika da hawayen waya, Almakashi ya rubuta cewa da an gyara wa baiwar Allah famfon kicin, yana zaton da ta fi murna. Famfon kuwa yana ɗiga. Amma wane gida ne a Tatwan famfonsa ba ya ɗiga? Shi da ya yi aikin ruwa ya fi kowa sani.

Abin haushin, furannin sauran sun daina yi masa ƙanshi. Kalma ɗaya yake so daga bakin wannan azzalumi, bai samu ba.

Sai aka sa ranar auren Nuhaila. Si Mufaddal ya zauna ya tsara ƙasida mai baiti tamanin da zai karanta a gaban dangin ango. Da ya sanar a gida, Nuhaila ta shiga ɗaki da sauri. Lalla Rahimu ba ta ko ɗaga kai daga waken da take tsincewa ba.

"Ni ban san waƙa ba, Alhaji. Ka kai wa mutanen zaurenka. In duk sun yarda, ba wanda ya rage, ka karanta. In ba haka ba ka bar wa makaɗa filinsu."

Ya yi dariya, ya ce ya amince, har da rantsuwa.

Kowa ya yarda sai Almakashi. Ya ce a cire tarihin dangi tun daga Andalus, aka cire. Ya ce a cire nasihar da aka yi wa ango kan tattalin ruwa, aka cire. Ƙasida ta yi ta ramewa har ta dawo baiti ashirin, kuma Si Mufaddal ya sani a ransa ta fi kyau, wannan ya ƙara masa takaici. Amma baiti na sha bakwai, inda ya kamanta amarya da madatsar ruwa da ta cika ta batse, nan ya ja daga. Almakashi ya ce baitin gurgu ne. Biki saura mako guda, in bai ce ya yarda ba, uba zai zauna shiru a auren autarsa kamar baƙo.

Ranar Juma'a gida ya cika, 'ya'ya da surukai da jikoki. Lalla Rahimu ta tattara wayoyin kowa a tire ta ajiye bakin ƙofar falo, don ba ta yarda a latsa waya a kan kuskus ɗinta, sannan ta koma kicin. Si Mufaddal ya ɓoye tasa a aljihun jallabiya. Loma biyu ya yi ya tashi, ya haye matakala. Ya yanke shawara cewa da kunne ake auna baiti, ba da ido ba. A gidan shayi wani ya nuna masa inda ake dannawa a kira zaure gaba ɗaya. Zai rera musu da muryarsa, Almakashi ya ji kunya a gaban jama'a.

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya danna.

A ƙasa tire ya ɗauki ruri, wayoyi duka a lokaci ɗaya, ƙarar cokula ta ɗauke ɗif. A fuskar wayarsa aka rubuta cewa Almakashi ya amsa, sai muryar Lalla Rahimu ta iso shi ta hanya biyu, ta waya da ta ƙofar kicin: "Rera, Alhaji, ina jin ka. Amma ko da murya gurgu ne."