Tabarmar Inna

Na tsunkuli fatar hannun Inna na saki, sai ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa. Ruwan jikinta ya kusa ƙarewa.

Tun safe take amai da gudawa, ga ambaliya ta yanke hanyar Zakirai, babu motar da za ta iso ƙauyenmu. Goggo, yayarta, ta dafe bakin kofin da ke hannuna.

"Kada ki ba ta! Ruwan ne ke ƙara mata zawon."

Shekaru na kwashe a jami'a ina nazarin yadda fatar ƙwayoyin hanji ke sakin ruwa, da yadda sukari ke jan gishiri ciki, ruwan ya biyo su. Na sha bayyana haka a manyan taruka ko gezau. Yau kuwa a kan Inna zan gwada.

"Goggo, ki bar ni don Allah. In ta mutu, alhakinta a wuyana."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye hannu.

Na dama gishiri da sukari a dafaffen ruwa, ina ɗura wa Inna kaɗan-kaɗan. Ta amayar, na sake. La'asar ta wuce idanunta na can ciki.

Gab da magariba Goggo ta yi salati, ta ja zane ta rufe tabarmar.

"Wayyo, ta jiƙa shimfiɗa!"

Na yaye zanen na sansana. Ba gudawa ba ce, fitsari ne, na farko tun safe. Ƙodarta ta dawo aiki.

Na durƙusa a cikinsa ina kuka. Duk bincikena bai taɓa ba ni sakamako mai daɗin wannan ba.